Sarki Arthur da Almarorin Birtaniya: Tambayoyi da Amsoshi a kan Tarihi da Maguzanci

Duk wanda ya taɓa jin labarin takobin da wani yaro ya zare daga cikin dutse, ko na teburin da barade ke zama kewaye da shi ba babba ba yaro, ya ɗanɗani wani yanki na labarin Sarki Arthur. Tambayoyi biyu ne ke bin wannan labari duk inda ya je: an yi mutumin nan da gaske? Kuma gaskiya ne cewa a ƙarƙashin labarin akwai tsohon addinin mutanen tsibirin, na kafin zuwan Kiristanci? Tambayoyi ne da suka cancanci amsa ta tsanaki, domin masu cewa duk gaskiya ne da masu cewa duk ƙanzon kurege ne, kowannensu ya yi gaggawa.

A wane zamani aka ce Arthur ya rayu?

Wajen shekara ta 500 miladiyya. Rumawa sun mulki yawancin Birtaniya tun daga shekara ta 43, suka janye wajen 410. Da tafiyarsu ƙasa ta rarrabu hannun ƙananan sarakuna, sai ga ƙabilun Angil da Sakson suna ƙetaro teku daga yankin Jamus da Denmak na yanzu suna kafa sansani a gabas. Waɗannan baƙi su ne kakannin Ingilishi. Mutanen da suka tarar, Birtanawan asali, su ne kakannin mutanen Wales da Cornwall, kuma Kiristoci ne a lokacin. A cikin labarin, Arthur gwarzon 'yan ƙasa ne da ya tare baƙin. Watau jarumin da Ingila ke tinƙaho da shi a yau, asalin sunansa ya fito ne daga yaƙar kakannin Ingilishi.

To an yi shi da gaske?

Babu rubutu ko ɗaya na zamaninsa da ya ambaci sunansa. Babu tsabar kuɗi mai ɗauke da sunan, babu dutsen kabari, babu wasiƙa. Wannan ne ya sa yawancin malaman tarihi na yanzu ba sa sanya shi cikin tarihin ƙarni na 5 da na 6. A 1977 David Dumville ya rubuta maƙalar da ta ce a fitar da shi daga littattafan tarihi har sai an sami hujja, kuma ra'ayinsa ne ya yi rinjaye a jami'o'i.

Amma zamanin ne gaba ɗaya yake da ƙarancin rubutu. Sarakuna da yawa sun yi mulki sun mutu a waɗannan shekaru ba a san ko sunansu ba. Saboda haka yiwuwar an yi wani sarkin yaƙi mai suna Arthur tana nan. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ce an yi Arthur mai fada a Camelot, mai barade sanye da sulke na ƙarfe, wanda ya ci Faransa da yaƙi ya nufi Rum. Wannan Arthur ɗin marubuta ne suka gina shi, kuma ana iya bin sawun ginin tubali bayan tubali.

Me rubuce-rubucen farko suka ce?

Nan ne gundarin maganar, don haka bari a bi a hankali.

Shaida mafi kusa da zamanin shi ne Gildas, malamin coci ɗan Birtaniya da ya rubuta wa'azi mai zafi a ƙarni na 6 yana tsine wa sarakunan zamaninsa. Ya ba da labarin zuwan Sakson, ya ambaci wani shugaba mai jinin Rumawa, Ambrosius Aurelianus, wanda ya tattara jama'a suka mayar da martani. Ya ambaci babbar nasarar da aka samu a Dutsen Badon, har ya ce a shekarar aka haife shi. Bai faɗi wanda ya ja rundunar ba, kuma sunan Arthur bai fito a littafin ba ko sau ɗaya. Bede, babban marubucin tarihin Ingila da ya kammala aikinsa a 731, shi ma bai san da shi ba.

Sai wajen 830, shekara ɗari uku bayan Badon, wani littafin Latin da aka haɗa a Wales, Historia Brittonum, ya kawo sunan. Bai kira shi sarki ba, cewa ya yi shi ne jagoran yaƙi da ke fita tare da sarakunan Birtaniya. Ya jera yaƙe-yaƙe 12, na ƙarshe shi ne Badon, inda ya ce mutum 960 suka faɗi a hannun Arthur shi kaɗai a hari guda. Duk wanda ya saba jin kirarin mayaƙa ya san irin wannan lissafi. Masana da dama suna ganin jerin daga wata waƙar yabo aka ɗauko shi, domin wasu sunayen wuraren suna da amsa-amo a harshen Wales.

A ƙarshen wannan littafi akwai jerin abubuwan al'ajabi na ƙasa, kuma biyu daga ciki na Arthur ne. Ɗaya dutse ne a kan tsibin duwatsu mai ɗauke da sawun karensa Cabal, wanda ya taka lokacin farautar wani aladen daji. Ko an ɗauke dutsen, washegari za a same shi ya koma. Ɗayan kabarin ɗansa Amr ne, wanda Arthur ya kashe da hannunsa ya binne. Marubucin ya ce in ka auna kabarin yau ka sami ƙafa 6, gobe 9, wata rana 12 ko 15, ba ya taɓa maimaita awo, kuma ya ce shi da kansa ya gwada. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai: a littafin farko da ya ambace shi, Arthur na yaƙi da Arthur na almara suna zaune tare. Ba a sami wani lokaci da aka san shi a matsayin mutum zalla sannan almara ta lulluɓe shi daga baya ba.

Kundin shekaru na Wales, na ƙarni na 10, ya ƙara layi biyu: yaƙin Badon wajen 516, inda Arthur ya ɗauki gicciye a kafaɗa kwana uku dare da rana, da yaƙin Camlann wajen 537, inda Arthur da Medraut suka faɗi. Bai ce maƙiyan juna ne ba. Mayar da Medraut maci amana aikin marubutan baya ne.

Akwai kuma baiti ɗaya a waƙar makoki ta Gododdin, wadda ke kuka kan mayaƙan da suka mutu a Catraeth wajen shekara ta 600. Mawaƙin ya yabi wani jarumi, Gwawrddur, ya ce ya ƙosar da baƙaƙen hankaki a kan ganuwa da gawarwakin maƙiya, ko da yake shi ba Arthur ba ne. In baitin tsoho ne kamar waƙar, to tun 600 sunan ya zama ma'aunin jarunta. Matsalar ita ce kwafin da ya iso gare mu na ƙarni na 13 ne, kuma waƙar ta sha ƙari a bakin masu rera ta.

Daga ina cikakken labarin ya fito ke nan?

Daga Geoffrey na Monmouth, malamin coci da ya zauna a Oxford, wanda ya fitar da tarihin sarakunan Birtaniya da Latin wajen 1138. Shi ne ya ba Arthur haihuwa da sarauta da aure da mutuwa: yadda Uther Pendragon ya shiga wurin Igerna a Tintagel da siffar mijinta har ta sami cikin Arthur, yadda Arthur ya ci ƙasashe, yadda ɗan 'yar'uwarsa, Medraut ɗin nan, ya ƙwace gadon sarauta, yadda aka ɗauke shi da rauni zuwa tsibirin Avalon. Geoffrey ya ce ya fassaro ne daga wani tsohon littafi cikin harshen Birtanawa da Walter, babban malamin cocin Oxford, ya ba shi. Ba wanda ya taɓa ganin littafin. Tun a ƙarnin nasa William na Newburgh ya zarge shi da ƙirƙira, yana tambayar yadda za a yi marubutan da suka gabata su manta da sarkin da ya fi Iskandar cin ƙasa. Zargin bai hana littafin tashe ba: kwafin rubutun hannu fiye da 200 sun tsira har yau, adadi mai yawa ga littafin wancan zamani.

Daga nan kowa ya zo da nasa. Wace ya kawo kewayayyen tebur a 1155. Chrétien de Troyes, mawaƙin Faransa na ƙarshen ƙarni na 12, ya kawo Lancelot da soyayyarsa da matar sarki, shi ne kuma ya fara ambaton Camelot. Robert de Boron, wajen 1200, ya kawo takobin da aka soke a uwar maƙera a kan dutse. Thomas Malory ya tattara su da Ingilishi, William Caxton ya buga a 1485. Mai karatu zai lura da abu ɗaya: iyakar nisan marubuci daga shekara ta 500, iyakar yawan abin da ya sani game da Arthur. A ilimin tantance labari, wannan alama ce ta ƙari.

Ba an ce an tono kabarinsa a Glastonbury ba?

An ce, a 1191. Sufayen Kirista na babban gidan ibadar Glastonbury sun haƙa tsakanin wasu dogayen duwatsu biyu a maƙabartarsu. Gerald na Wales, wanda ya ziyarci wurin ba da jimawa ba, ya rubuta cewa a zurfin ƙafa 16 suka tarar da kututturen itace da aka rarake, cikinsa ƙasusuwan wani ƙaton mutum da na mace. Ya ce an ga kitson gashi ruwan zinariya, wani sufi ya kai hannu da gaggawa ya ɗauka, gashin ya zama ƙura. An kuma sami gicciyen dalma da rubutu mai cewa nan aka binne shahararren Sarki Arthur a tsibirin Avalon.

Sai a dubi abin da ke kewaye da tonon. A 1184 gobara ta cinye gidan ibadar. Sarki Henry na Biyu, mai ɗaukar nauyin sake ginin, ya mutu a 1189, kuɗi suka tsaya. Kabarin Arthur kuwa yana jawo masu ziyara da kyautarsu. Fadar Ingila ma tana da riba, domin mutanen Wales da ke mata tawaye suna cewa Arthur bai mutu ba, zai dawo. Rubutun gicciyen kansa ya yi amfani da sunan Avalon, wanda daga littafin Geoffrey ya yaɗu. A 1278 Edward na Farko, jim kaɗan bayan ya murƙushe yariman Wales, ya zo da kansa aka sake binne ƙasusuwan a gaban jama'a. Bayan rushe gidan a 1539 ƙasusuwan suka ɓace, gicciyen ma daga baya ya bi su.

Masu tonon kufai fa, me suka gano a Tintagel da Camelot?

Sun gano abin da, a ganina, ya fi kabarin daraja. A Tintagel, wani tsauni da ya kutsa cikin teku a Cornwall, an tono fasassun tuluna masu yawa na ƙarni na 5 da na 6 waɗanda aka yi a gabashin Bahar Rum da Arewacin Afirka, na ɗaukar giya da man zaitun. Watau a daidai zamanin da ake magana, wani mai iko yana zaune a nan yana ciniki da ƙasashe masu nisa. A 1998 an sami falalen dutse da aka karce sunan Artognou a kai, jaridu suka yi ta yayatawa, amma suna ne dabam. Ganuwar da masu yawon buɗe ido ke gani a yau Richard na Cornwall ne ya gina ta wajen 1230, bayan littafin Geoffrey ya riga ya ɗaukaka wurin.

A tudun Cadbury da ke Somerset, wanda John Leland ya ce shi ne Camelot a ƙarni na 16, Leslie Alcock ya yi tono daga 1966 zuwa 1970. Ya tabbatar an sake yi wa tudun katanga wajen shekara ta 500, an gina babban zauren katako a ciki. Akwai shugaba mai runduna a wurin, ƙasa dai ba ta faɗi sunansa ba.

Teburin da ke rataye a Winchester, mai faɗin mita 5.5, an auna shekarun katakonsa aka ga na ƙarni na 13 ne. Fentin da ke kansa na zamanin Henry na Takwas ne.

Akwai mutanen tarihi da ake cewa su ne asalin Arthur?

Akwai da dama. Lucius Artorius Castus hafsan Rumawa ne da ya yi aiki da rundunar York, an san shi daga rubutun dutse a Kuroshiya, amma ya riga Badon da kusan shekara ɗari uku. Riothamus, wanda aka kira sarkin Birtanawa, ya kai runduna Faransa wajen 470 aka ci shi da yaƙi. Akwai Ambrosius na Gildas. Akwai Artúr ɗan Áedán, yariman yammacin Scotland na ƙarshen ƙarni na 6. Kowannensu ya dace ta gefe ɗaya ya kauce ta gefe uku. Sunan kansa, mafi rinjayen ra'ayi shi ne daga Artorius na Rumawa ya fito, ko da yake wasu na danganta shi da kalmar Wales ta dabbar beyar.

Idan an ce labarin yana da tushen maguzanci, me ake nufi?

Ana nufin addinin Keltawan Birtaniya, watau Birtanawan asali, kafin Kiristanci: bautar alloli da yawa, girmama rijiyoyi da koguna da kurmi, da malaman addinin da ake kira druid. Julius Kaisar ya rubuta cewa waɗannan malamai ba sa yarda a rubuta iliminsu, haddacewa ake yi. A shekara ta 60 ko 61 Rumawa suka auka wa cibiyarsu a tsibirin Anglesey suka sare kurmin ibadarsu. Zuwa 314 har bishop-bishop na Birtaniya suna halartar taron coci a Arles. Saboda haka babu labari ko ɗaya na wannan addini da mabiyansa suka rubuta da hannunsu. Duk abin da muke da shi na almarar Wales, Kiristoci ne suka rubuta shi, ɗaruruwan shekaru bayan addinin ya mutu.

To akwai abin da ya tsira daga cikinsa?

Akwai, kuma hujja mafi ƙarfi tana cikin sunaye. A labarin Culhwch da Olwen, wanda aka rubuta da harshen Wales wajen 1100, Arthur ba sarkin fada ba ne, shugaban wata tawaga ce ta masu abin mamaki da ke farautar ƙaton aladen daji Twrch Trwyth don ƙwato mataji da almakashi da ke tsakanin kunnuwansa. Farautar ba ta yiwuwa sai da Mabon ɗan Modron, wanda aka sace daga gefen uwarsa yana da kwana uku a duniya. Mutanen Arthur suka bi dabbobin da suka fi kowa tsufa suna tambaya, daga tsuntsu zuwa barewa zuwa mujiya zuwa gaggafa, har wani tsohon kifi ya goya biyu daga cikinsu a kafaɗa ya kai su bangon kurkukun Gloucester, inda suka ji kukan Mabon. Wannan suna, bisa ƙa'idar sauyin harshe, shi ne Maponos, allan samartaka da aka sami bagadansa a arewacin Ingila tun zamanin Rumawa. Modron kuwa ita ce Matrona, uwar allahiya da kogin Marne na Faransa ya ci sunanta. Haka Lludd mai hannun azurfa: takwaran Nuada mai hannun azurfa ne na almarar Ireland, kuma dukansu suna komawa ga Nodens, wanda kufan haikalinsa ke Lydney kusa da kogin Severn.

Wannan ba hasashe ba ne, duwatsun suna nan. Abin lura shi ne marubucin 1100 bai san Mabon alla ba ne. A wurinsa fursuna ne kuma maharbi. Sunan ya rayu, bautar ta mutu. Mai karatun da ya san yadda sunayen iskoki ke yawo a tatsuniya da karin magana a bakin mutanen da ba ruwansu da bori zai gane wannan hali da sauri.

Avalon ma tana da irin wannan ƙamshi. Geoffrey, a waƙarsa ta rayuwar Merlin, matsafin labarin Arthur, wajen 1150, ya kira ta tsibirin tuffa, inda 'yan'uwa mata tara ke mulki, babbarsu Morgen mai magani da sauya siffa. Tun ƙarni na 1 marubucin Rumawa Pomponius Mela ya ambaci mata tara masu hidimar wani alla a tsibirin Sena, gaɓar Faransa, masu warkarwa da tayar da iska. Ko dai tsohuwar al'ada ce ta tsira, ko Geoffrey mai karatun Latin ya karanta Mela. Duka biyun suna iya zama.

Jefa takobi cikin tafki fa?

A ƙarshen labarin, Arthur na kwance da rauni ya umarci bardensa ya jefa takobinsa Excalibur cikin ruwa, hannu ya fito ya cafe. An rubuta wannan a Faransa a ƙarni na 13. Mutanen Birtaniya na dā kuwa sun yi shekaru aru-aru suna zuba makamai masu tsada cikin ruwa. A 1942 da 1943, lokacin faɗaɗa filin jirgin saman soja a Anglesey, ma'aikata suna kwasar laka daga tafkin Llyn Cerrig Bach suka ci karo da kaya fiye da 150: takubba, masu, sassan keken doki, wasu an lanƙwasa su da gangan kafin a jefa. Har da sarƙar ƙarfe ta ɗaure bayi a wuya, wadda ma'aikatan suka yi ta jan motocin da suka kafe da ita kafin a gane ta kai shekara dubu biyu. Daga kogin Thames ma an tsamo garkuwar Battersea a 1857.

Kamar ta yi yawa har mutum ya so ya ce shi ke nan. Sai dai tsakanin tafkin Anglesey da marubucin Faransa akwai shekara fiye da dubu, kuma babu rubutun da ya haɗa su. Abin da ke ɗan rage tazarar shi ne an tsamo takubban ƙarni na 13 da na 14 a kogin Witham, abin da ya sa wasu masana ke ganin al'adar ta daɗe fiye da yadda aka zata.

Ƙoƙon nan mai tsarki, Grail, tukunyar maguzawa ce aka sauya wa suna?

Wannan ita ce da'awar da ta fi yaɗuwa, kuma tana da abin kamawa. Wata tsohuwar waƙar Wales ta ce Arthur ya kai hari lahirar Keltawa, Annwfn, da jirgi cike sau uku, mutum bakwai kaɗai suka dawo. Abin da suka je nema tukunya ce mai baki da lu'ulu'u, wadda numfashin 'yan mata tara ke hura wutarta, ba ta kuma dafa abincin matsoraci. A wani labarin akwai tukunyar da ake jefa matattun mayaƙa su tashi washegari ba sa magana.

Amma a duba yadda Grail ya fara bayyana, a waƙar Chrétien ta wajen 1180 zuwa 1190. Saurayi Perceval yana cin abinci a gidan wani sarki gurgu. Sai ga yaro ya wuce da farin mashi, ɗigon jini na gangarowa daga tsininsa zuwa hannun yaron. Wasu biyu suka biyo da kyandirori. Sai budurwa riƙe da akushin zinariya, haskensa ya dushe kyandirorin kamar yadda fitowar rana ke dushe taurari. Perceval ya so ya tambayi wa ake kai wa, ya tuna malaminsa ya hana shi yawan magana, ya yi shiru, shirun nan kuwa ya jawo wa ƙasar bala'i. Kalmar graal a Faransancin lokacin sunan faffaɗan akushi ne na kawo kifi ko nama. Daga baya a waƙar aka bayyana cewa abin da ke ciki gurasa ɗaya ce ta Jibin Ubangiji. Chrétien ya mutu bai gama ba. Robert de Boron ya mayar da akushin ƙoƙon jibin ƙarshe na Almasihu, wanda a labarinsa Yusufu mutumin Arimatiya ya tari jini da shi. Wolfram von Eschenbach na Jamus ya ce dutse ne.

Zamanin ne na yaƙe-yaƙen gicciye, kayan tsarki na ta kwararowa Turai daga gabas, coci na ta muhawara kan gurasar jibi har ta yanke hukunci a babban taron 1215. Wanda ya ɗauki nauyin waƙar Chrétien, Philip na Flanders, a Akka ya mutu a 1191, a wurin yaƙin gicciye. Ni dai ina ganin wanda ya karanta Grail ya tsallake duk wannan ya tafi neman tukunya, ya bar hanya ya shiga daji. Mai yiwuwa hoton kwano mai ciyarwa ya zo daga tatsuniyar Keltawa. Ma'anar da aka zuba a ciki ta Kiristocin ƙarni na 12 ce.

Merlin bokan druid ne?

Mutum biyu ne Geoffrey ya ɗinke. Na farko Myrddin na waƙoƙin Wales, wanda ya haukace bayan yaƙin Arfderydd na 573, ya shige kurmi yana zance da ɗan alade da itacen tuffa yana faɗin abin da zai zo. Na biyu yaro marar uba na littafin 830, wanda Sarki Vortigern ya so ya yayyafa jininsa a harsashin ganuwar da ke ta rushewa. Yaron ya ce a haƙa, za a ga tafki da dodanni biyu, ja da fari, suna faɗa. Jan dodon nan shi ne ke kan tutar Wales a yau. Babu tsohon rubutun da ya kira Merlin druid. Wannan riga marubutan ƙarnukan baya-bayan nan ne suka sa masa. Zancen zuba jini a harsashin gini kuwa tsohon abu ne da ake samu a al'adu da yawa.

Geoffrey ya kuma ce Merlin ne ya ɗauko duwatsun Stonehenge, tsohon da'irar manyan duwatsu da ke kudancin Ingila, daga Ireland. A 1923 aka tabbatar ƙananan duwatsun wurin daga tsaunukan Preseli na yammacin Wales aka jawo su, tafiyar fiye da kilomita 200. An yi aikin ne kusan shekara dubu huɗu kafin Geoffrey.

Me ya sa ra'ayin ɓoyayyen addini ya yi ƙarfi haka?

Saboda littattafan ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. James Frazer, daga 1890, ya yaɗa ra'ayin cewa a ƙarƙashin addinai akwai tsafin sarkin da ake kashewa don ƙasa ta yi albarka. Jessie Weston ta ɗora wannan a kan Grail a 1920, ta ce sarki gurgu da ƙasar da ta bushe ragowar wata ɓoyayyiyar ibada ce. Roger Loomis ya bi kusan kowane barde ya nemo masa alla. Ra'ayin ya yi daɗin ji, mawaƙa da masu fim suka ɗauka, amma ba a taɓa samun shaidar wannan ibada ba, kuma masana irin su Ronald Hutton sun nuna yadda aka gina shi a kan kamanni kawai. Ko sunan Koren Mutum da ake ba fuskokin ganye na jikin tsofaffin coci-coci, a 1939 Lady Raglan ta raɗa shi.

Robin Hood da Lady Godiva fa?

An fara ambaton waƙoƙin Robin Hood, ɗan fashin kurmi na almarar Ingila, wajen 1377, a bakin wani malalacin limami da ya ce bai iya addu'arsa sosai ba amma ya haddace su. Takardun kotun York na wajen 1226 sun ambaci wani Robert Hod da ya gudu daga shari'a, kuma kafin ƙarshen ƙarnin sunan ya zama laƙabin 'yan fashi. Robin na waƙoƙin farko talaka ne mai 'yancin kansa, mai tsananin son Maryamu, mai tare manyan limamai masu dukiya. Masu cewa aljanin kurmi ne sun dogara da koren tufafinsa da wasannin watan Mayu, alhali waƙoƙin sun riga shigarsa wasannin a rubuce.

Godiva kuwa an yi ta. Matar Leofric ce, mai mulkin Mercia, kuma tare suka kafa gidan sufaye a Coventry a 1043. Labarin hawanta doki ba tufafi don a rage wa talakawa haraji sai a ƙarni na 13 ya bayyana.

Gaskiya ne Birtanawa sun ce asalinsu daga Troy ne?

Sun ce. Littafin 830 da Geoffrey duka sun kawo Brutus, jikan mutanen Troy, tsohon birnin nan na almarar Girkawa, wanda ya sauka a tsibirin, ya kashe ƙattin da ke ciki, ƙasar ta ci sunansa. Baƙo daga gabas da ya kashe dodo ya kafa gidan sarauta: wanda ya san labarin Bayajida da rijiyar Kusugu zai ga siffar, ba don ɗaya ya ara daga ɗaya ba, sai don masarautu da yawa sun so jingina asalinsu da wuri mai daraja. Kuma labarin ya yi aiki a siyasa. A 1301 Edward na Farko ya aika wa Paparoma wasiƙa yana kafa hujja da Brutus da Arthur cewa Scotland a ƙarƙashinsa take. Henry na Bakwai ya sa aka haifi ɗansa na fari a Winchester a 1486, ya raɗa masa Arthur.

Daga ina zancen cewa bai mutu ba ya fito?

Ya girmi Geoffrey. Wata tsohuwar waƙar Wales da ke jera kaburburan jarumai, da ta zo kan Arthur sai ta ce kabarinsa abin al'ajabin duniya ne, ba a san inda yake ba. William na Malmesbury ya rubuta wajen 1125 cewa ba a ga kabarin ko'ina ba, shi ya sa tsofaffin waƙoƙi ke cewa zai dawo. Wani marubucin Faransa ya ba da labarin malaman cocin Laon da suka zaga Ingila a 1113 suna neman taimakon sake gina cocinsu. A Bodmin ta Cornwall wani mai shanyayyen hannu ya zo neman waraka, gardama ta haɗa shi da ɗaya daga cikin baƙin domin ya ce Arthur yana raye. Jama'a suka goyi bayansa, mutane suka shigo coci da makamai, da ƙyar aka hana zubar da jini.

Mutanen da aka ƙwace wa ƙasa sau biyu, Sakson sannan Norman da suka zo daga Faransa, su ne suka riƙe wannan magana. A Wales ana nuna kogunan dutse da aka ce yana barci a ciki da mayaƙansa, a Somerset ana cewa cikin tudun Cadbury yake. Labarin ya bi Norman har Sisili, inda Gervase na Tilbury ya rubuta a farkon ƙarni na 13 cewa wani mai kiwon doki ya bi dokin bishop da ya ɓace cikin dutsen Etna, ya tarar da Arthur kwance a wata fada, raunukansa na sake buɗewa kowace shekara.